Jan Alƙalami a Rijiyar Kalgawa

Birnin Konni, 24 ga Janairu 1972

Zuwa ga taubashiyata Hindu, malamar makarantar lakwal a Illela.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ina gaida Kawu, ina gaida Inna Halima. Ki ce mata yajin da ta aiko ya iso, har maƙwabtana sun shaida da atishawa.

Kin daɗe kina yi mini dariya, wai gwamnati ta ɗauki nauyin karatuna don in zo in koya wa ƴaƴan manoman gero sunayen kogunan Faransa. To, yau sai ki kama bakinki. Kafin hutun tsakiyar shekara na ce wa ƴan ajin ƙarshe, masu jarrabawar birebe a watan Yuni, kowa in ya je gida ya zauna gaban tsofaffi ya tambayi yadda aka kafa garinsu, ya rubuto mini da faransanci. Diraktanmu ya yarda a lissafa shi cikin jarrabawar zango, saboda haka a kan takardun makaranta masu hatimi suka kwafe shi.

Hindu, da kin ga abin da yaran nan suka kwaso! Wani garinsu maharbi ya kafa shi, wani gudun yaƙi ya kawo kakanninsa. Wani ɗan gidan masu motoci ma ya gano kakansa daga Sakkwato ya shigo da jaki ɗaya da huhun goro. Yaran da in na fara zancen sarakunan Turawa sai hamma, ranar da muka karanta su har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa. Na ji daɗi, ba na ɓoye miki. Tun da na fara koyar da tarihi da labarin ƙasa ban taɓa jin ni malami ne ba sai ran nan.

Akwai biyu da suka ba ni dariya, Mutari ɗan Maigari Labo da Rabi'u ɗan Maikano. Dukansu ƴan Kalgawa ne, wani ƙauye a bayan Dogarawa. Bencinsu ɗaya, masaukinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Kowannensu ya rubuta cewa garin ya fara ne da wata tsohuwar rijiya, kuma kowa ya ce kakansa ne ya gina ta. Rabi'u faransancinsa sumul, na ba shi sha bakwai bisa ashirin. Mutari kuwa yaro ne mai kai, wajen zana taswira ba wanda ke kama ƙafarsa, amma in ya kama rubutun faransanci sai ka ce jaki a kan tsakuwa. Takwas ya samu, kuma ko ita da sassauci.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Mutarin bai shigo aji ba tun makon jiya. Mai masaukinsu ya ce ran kasuwa aka zo daga gida aka tafi da shi. Ina jin rashin lafiya ce a gidan, Allah ya sawwaƙe.

Ki huta lafiya. Naki,
Munkaila

*

Illela, 2 ga Fabrairu 1972

Zuwa ga babban malamin tarihi, wanda bai san labarin da ke bayan katangarsa ba.

Ina amsa gaisuwa, kowa lafiya lau. Kawu ya ce a gaishe ka. Inna Halima ta ce yajin na miya ne, ba na rabon unguwa ba.

Ɗan Gwaggo, rashin lafiya ka ce? Lallai akwai ta, kuma kai ka kai musu. Wata Binta, uwar wata ɗalibata, ƴar Kalgawa ce aka auro nan. Ita ta tsare ni a kasuwa tana tambaya ko na san wani mushe, wato malamin lakwal, a Konni da ya raba musu gardamar kaka da kakanni. Na ce ban san shi ba. Allah ya yafe mini.

Bari in karanta maka naka darasin. A ƙauye, mai rijiya shi ke da gari. Wanda kakansa ya fara fid da ruwa, gidansa ke riƙe da maigari. Gidan Labo da gidan Maikano sun san akwai wannan magana tsakaninsu tun ba a haife mu ba, sun rufe ta da faifai, suna auren juna, suna zuwa sunan juna. Sai ga takarda biyu daga Konni, kowace da hatimin gwamnati, da jan alƙalami, da sa hannun ma'aikaci. Maikano ya kai su wajen wani tsohon soja mai jin faransanci, ya karanta musu a gindin bishiya. Labarin wancan gida sha bakwai, na wannan takwas. Me kake so su fahimta? Cewa suka yi gwamnati ta auna labarin gida biyu, ta ce na Maikano ya fi nauyi.

Yanzu Maikano ya sa an ɗinke takardar ɗansa cikin fata kamar laya, yana cewa bayan damina zai kai ta fada ya nemi rawani. Labo kuwa ya rantse ɗansa ya bar makarantar da ta ƙwace masa gari.

Ba na ganin laifinka sosai. A bariki ka girma, ɗan akawu, ruwanka daga famfo. Kai rijiya rami ce mai ruwa. Amma tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba, kai kuwa da takalminka ka faɗa.

Kada ka tsaya rubuta wa Labo takarda, takarda ce ta ɓata. Ka je da ƙafarka. Ka cire tabaran nan kafin ka shiga zaure, ka durƙusa kamar ɗan mutane.

Taka, wadda ta fi ka hankali,
Hindu

*

Birnin Konni, 21 ga Fabrairu 1972

Hindu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau ba ni da bakin ramuwa, ki ci kasuwarki.

Na je. Motar kasuwa ta sauke ni Dogarawa, na ari keke na ƙarasa. Maigari Labo dogon tsoho ne, marar yawan magana. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, sai da na sha na ƙoshi sannan ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni. Na yi masa bayani dalla-dalla, cewa makin nan na iya faransanci ne, ba na gaskiyar labari ba, ni ban isa in ce ga wanda ya gina rijiya ba.

Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Mushe, ni ban yi lakwal ba, amma na san ƙidaya. Sha bakwai da takwas, wace ta hi?"

Na ce sha bakwai, amma ta faransanci ce kawai.

Ya ce, "To ai da hwaransancin anka amshe ƙasag ga. Da shi aka rubuta haraji, da shi aka rubuta iyakar gona. Ran da munka tahi gaban kumandan, wa za a saurara, mai sha bakwai ko mai takwas? Na ba ku ɗana don shi zama bakinmu, kun maido min shi da shaidar ba mu da baki."

Hindu, na yi shekaru ina karatu, amma mutumin nan ya kayar da ni. Don ba ƙarya ya yi ba.

Na wuce gidan Maikano. Shi fara'a har kunne, har kaza ya so ya ba ni. Da na ce ya ba ni takardar in yi wa jama'a bayaninta, sai fara'ar ta ɗauke. Ya ce abin da gwamnati ta ba ɗansa ba ya mayarwa.

Da zan fita gari na haɗu da Mutari ɗauke da damin kara. Ya sauke, ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Sai ya ce, "Mushe, ina anka kai a darasin kogin Kwara?" Na gaya masa. Ya ce to, ya ɗauki karansa. Na hau keke ina tafe, na ce a raina ko zan rasa aikin nan sai yaron nan ya zauna jarrabawa.

Da na dawo na kai wa Diraktan labari. Ya ce abu mai sauƙi, in ƙara wa Mutari tara, kowa sha bakwai, a buga hatimi, gari ya kwanta. Na ce ba zan yi ba. Ya ce taurin kai ne. Wataƙila. Amma duba mini: in na canza, na tabbatar wa Kalgawa cewa lallai alƙalamina ne ke naɗa maigari, gobe Maikano ya zo neman sha takwas. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Kuma Mutari ya san abin da ya rubuta. In na ba shi abin da bai ci ba, ranar birebe wa zai ƙara masa? Sunansa dai na hana a cire daga cikin masu jarrabawa, Diraktan ya ba ni zuwa ƙarshen Afrilu.

Rabi'u yana nan shi kaɗai a benci. Yaron da kullum hannunsa ke sama, yanzu ko na kira sunansa sai ya ce bai sani ba.

In kina da dabara ki aiko, ko da zagi a ciki.

Munkaila

*

Illela, 1 ga Maris 1972

Ɗan Gwaggo,

Muna lafiya, zafi ya fara. Na karanta wa Kawu takardarka. Ya ce ƙin canza makin nan shi ne abu na farko mai ma'ana da ka yi tun da aka yaye ka. Ni ma na yarda, amma kada ka saba.

Dabara ba ni da ita. Kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta. Tambaya dai gare ni, don ni ma mai jan alƙalami ce, na san halinmu. In na ɗauki rubutun yaro, idona kan kuskure yake sauka kamar kaza a kan tsaba, sai in kai ƙarshe ban san me yaron ya ce ba. Ka ce musu su je su zauna gaban tsofaffi, sun je. Tsofaffi sun buɗe baki sun ba da abin da ba su ba kowa. To kai, tsakaninka da Allah, ka karanta labaran nan biyu, ko kurakuran faransanci ka ƙirga?

Kai malamin tarihi ne ko na nahawu? Ba sai ka ba ni amsa ba.

Na sa maka ƙuli-ƙuli a hannun direba. In bai kawo ba ya ci, ka bi shi.

Hindu

*

Birnin Konni, 19 ga Maris 1972

Hindu,

Bayan gaisuwa. Ƙuli-ƙuli ya iso, rabinsa. Tambayarki kuwa ta iso duka, kuma ta yi zafi.

Kurakurai na ƙirga. Allah ya taimake ni yaran suna da kwafin farko a littattafansu, na Mutari ma yana masaukinsu. Na karɓo, na ajiye jan alƙalami a aljihun tebur, na karanta kamar mai sauraren kakarsa.

Ga abin da Mutari ya ce. Kakansa ya yi ta gina har sama ta koma masa kamar faifai. Numfashi ya yi wuya, fitila ta ƙi ci. Wata rana ya ji yashi ya yi sanyi a tafin ƙafarsa tun kafin idonsa ya ga ruwa, sai ya zauna a nan ya yi kuka.

Ga na Rabi'u. Kakansa ya yi ta ja har igiyar kaba ta cinye masa tafin hannu, ya mutu ba ya iya dunƙule shi. Ƙasar da ya fitar ta zama tudun da ke gabas da rijiya har yau. Wata rana guga ya fito da yashi jiƙaƙƙe, ya yi kabbara har mata suka fito da gudu.

Kin gani? Ɗaya daga ƙasa yake ba da labari, ɗaya daga sama. Ba wanda ya yi ƙarya. Kowane gida ya riƙe abin da kakansa ya gani, ya bar wanda ke ɗaya bakin igiyar. Wannan shi ne darasin da nake ta neman koya musu, cewa labari ɗaya ba ya isa sai an nemo ɗan'uwansa, ga shi ya zo har teburina na shafe shi da ja.

Na kira Rabi'u na tambaye shi yadda suke yi in rijiyar ta cushe. Ya ce kowace bazara akwai ranar yasa, ranar da ake kwashe laka da yashin da suka taru a ƙasa. Ya ce, "Mutanen gidan Maigari su ka shiga, mu mu ka riƙon igiya. Haka munka taras." Ba a taɓa musanyawa ba. Na ce don me bai rubuta wannan ba? Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Mushe, ai wanga ba tarihi ba ne, aiki ne."

Amma bana akwai matsala. Labo ya ce tunda takarda ta ba su rijiya, su shiga abarsu. Gidan Maikano kuwa ba wanda ya taɓa leƙa ƙasanta, ga girman kai ba zai bar su su faɗa ba. Ruwa na ta ja da baya, mata na kwana biyu ba su cika tulu da ruwa mai kyau ba. Maikano ya tsayar da ranar yasa shi kaɗai, ya ce in ta kama Rabi'u za a zura. Yaron da kansa ya gaya mini. Na raba ɗaya da benci, ba zan tsaya a jefa mini ɗaya a rami ba.

Na roƙi Diraktan ya ba ni ƴan ajin ranar, a matsayin darasin gani da ido. Ya yi tsaki ya sa hannu. Na kuma aika wa Maigari neman izini, don ba a shiga gari ta bayan mai shi.

Ki sa Inna Halima ta yi mini addu'a.

Munkaila

*

Kalgawa

Daga Maigari Labo zuwa ga Mushe Munkaila. Ɗana Mutari ka rubutawa, ni ka hwaɗi.

Bayan gaisuwa. Saƙonka ya iso. Hanya ta Allah ce, ban hana kowa biyarta ba. In kun zo ku baƙi ne, za a ba ku inuwa da abin da ya samu. Amma in don ɗana za ka zo, ka huta da wahala. Ni da gidana ba mu da aiki a rijiyar da ba tamu ba. Za mu zo kallo kamar kowa.

Wasalam.

*

Birnin Konni, 17 ga Afrilu 1972

Hindu,

Ina gaisuwa. In kin ga rubutuna ya karkace, hannuna ne duk ƙuje. Ki zauna, kada ki karanta a tsaye, kuma kada ki karanta wa Inna Halima tsakiyar.

Mun isa da hantsi, ni da ƴan aji a bayan wata tsohuwar mota. Gari duk yana bakin rijiya. Mazan gidan Maikano sun kawo sabuwar igiya sun ɗora a kan gwafa, sun tsaya cirko-cirko. Labo yana zaune can gefe a inuwa da mutanensa, Mutari na bayansa. Rabi'u ya cire riga.

Na gaida manya, na nemi izinin magana. Na ce yau da Hausa za a yi darasi. Na sa wata ɗaliba, Asma'u, ta tsaya a bakin rijiya da labarin Mutari, wani yaro kuma ya hau tudun jar ƙasar nan da labarin Rabi'u. Wannan ta karanta kaɗan, wancan ya karɓa. Sama ta koma kamar faifai, igiya ta ci hannu. Yashi ya yi sanyi a ƙafa, guga ya fito da jiƙaƙƙen yashi. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe rana guda ce!" Na ga mutane na kallon juna. Na ce a raina, shi ke nan, na gama.

Ina! Labo ya gyara zama ya ce, "Karatu ya yi daɗi, Mushe. Amma wanga iska ta ɗauke shi. Mai hatimin tana cikin hwata." Maikano ya kau da kai, hannunsa a kan aljihu.

Ban shirya abin da ya biyo baya ba. Na ga dai an fara ɗaura wa Rabi'u igiya, sai na ji bakina yana cewa a kwance. Na ce jan alƙalamin nawa ne, ba na yaro ba, in akwai mai shiga yau ni ne. Na cire takalmi da tabarau na ba Asma'u. Aka yi ta a'a, a'a, baƙo ba ya shiga. Na ce ba wanda ya shiga, ai dole baƙo ya shiga. Kin san ni, ko tsani ba na so. Amma magana ta riga ta fita a gaban ɗalibaina.

Suka zura ni. Hindu, duhu da wari da sanyi. Bangon duk itace ne aka jera tun zamanin da, yana ɗiga. Da ƙafata ta taɓa laka na ɗaga kai, wallahi ga sama can, kamar faifai, daidai yadda yaron ya rubuta da karyayyen faransancinsa. Na tuna na ja layi a ƙarƙashin wannan jimla don ya manta harafi ɗaya. Kunya ta kama ni a inda ba mai ganina.

Aka zuro mini ƴar fartanya da guga. Na duba, na ga gefe ya fi taushi, sai na hau sara a gindin bango. Na cika guga biyu ina jin kaina gwani. Ashe gindin itacen da ke riƙe da rijiyar nake kwashewa. Ƙasa ta fara zubo mini a ka.

Sai na ji wata murya daga sama kamar tsawa: "Tsakiya! Tsakiya, kai! Bar gehe!" Na ɗaga kai, ga kan Labo ya toshe rabin faifan. Ashe tun guga na farko ya ga launin ƙasar ya san abin da nake yi. Na koma tsakiya, na rasa ta inda zan fara. Ya yi ta ba ni umarni, ina yin akasinsa don ruɗewa. Na ji ya ce, "Wanga bawan Allah zai kashe kainai shi kashe min rijiyar kakana! Mutari! Tuɓe!"

Sauran ɗalibai suka ba ni labari. Sun ce Labo da kansa ya ɗaura wa ɗansa igiya ta biyu, ya ja ƙullin ya gwada. Sannan ya tsaya riƙe da bakin igiyar, ya dubi mutanensa, ba wanda ya san yadda ake sassauta ta a kan gwafa. Ya juya ya miƙa wa Maikano. Ya ce, "Riƙe da kyau. Ɗana ne." Maikano ya karɓa ya ce, "Yaushe munka taɓa sakin naku?" Rabi'u ya kama igiyar a bayan ubansa.

Mutari ya sauko kusa da ni, ya karɓe fartanyar ya ce, "Mushe, matsa nan, kar ka taɓa komi." Ya toshe inda na ɓata da duwatsun da aka zuro, sannan ya sa aka fid da ni kamar buhu. Mata na ta guɗa, yara na ta dariya, ɗalibaina har da masu riƙe ciki. Ƴan gidan Labo suka shiga bi da bi, kafin la'asar ruwa ya taso.

Da za mu tafi na je sallama. Na ce, Maigari, maganar Mutari fa? Ya ce, "Ka gaida gida, Mushe." Ko kallona bai yi ba. Takardar kuma tana nan a aljihun Maikano, ban ga ya fid da ita ba, ban kuma ji ya ce ya fasa ba.

To ga inda nake. Rijiya ta samu, benci har yau da mutum ɗaya, wa'adin Diraktan kuma ya kusa. In bai zo ba zan koma. Zan yi ta komawa har su gaji da dama mini fura.

Naki,
Munkaila

*

Illela, 22 ga Afrilu 1972

Ɗan Gwaggo,

Na ce ka je da ƙafarka, ban ce ka shiga da kanka ba! Inna Halima ta ƙwace takardar ta sa an karanta mata duka, ta yi salati, ta yi kuka, yanzu kuma duk wanda ya shigo gidan sai ta ba shi labari.

Binta ta ce a Kalgawa an daina zancen fada. Zancen mushen da ya so ya rushe rijiya ake yi, kuma gida biyun tare suke dariyar. Kada ka koma yanzu. Tsoho ba ya sauka daga rantsuwa ana kallonsa, ka ba shi wuri ya juya.

Ban taɓa faɗa maka ba, kuma in ka maimaita zan musanta: na yi alfahari da kai.

Hindu

*

Kalgawa

Daga Maigari Labo zuwa ga Mushe Munkaila. Mutari ka rubutawa.

Bayan gaisuwa. Ruwa ya zamna, mun gode Allah. Maikano ya kwance hwatar, ya maida wa ɗanai takardar, ya ce ta lakwal ce.

Yaro shina tahe ran kasuwa. Na ji an ce a ƙara mai maki ka ƙiya. Ka kyauta. Takwas ɗin ka bar mai abinai, shi ya ci ta. Amma ka tsare shi da hwaransancin nan har shi iya, don gaba in za a rubuta labarinmu, mu ma a ji daga ƙasan rijiya.

Baɗi ran yasa ka zo da yaranka. Ka tsaya bisa.

Wasalam.

Mushe, wannan layin nawa ne, Baba bai sani ba. Ka ce wa Rabi'u ya matsa mini.